Aski Ya Zo Gaban Goshi: Yadda Ɗalibin Jami'a Zai Riƙe Karsashinsa Har Ƙarshen Zango

Duk wanda ya yi jami'a ya san yadda zangon karatu yake tafiya. Makonnin farko a wajen rajista da neman ɗaki suke ƙarewa, wasu malaman ma ba su fara shiga aji ba. Sai an kai mako na goma ko na goma sha ɗaya komai ya taso lokaci guda. Malamin da ya yi wata bai leƙo ba ya sa lakca ranar Asabar, wani ya sa tes ƙarfe bakwai na safe, asaimen uku suna jira, jadawalin jarrabawa ya fito a allon sanarwa na sashe, kuɗin da aka turo daga gida sun kusa ƙarewa, garin da ke cikin bokiti ya taɓo ƙasa. To a daidai wannan lokaci ne ɗalibi yake jin ko ganin littafi ba ya son yi. Ya buɗe handaut, ya karanta layi huɗu, ya ɗauki waya.

Da yawa sukan ɗauka lalaci ne ya kama su, su yi ta zagin kansu. Ni dai a ganina ba kasafai lalaci ba ne. Mutumin da ya ci JAMB, ya jure layin rajista, ya yi wata uku yana sammakon neman kujera a ɗakin lakca, ba malalaci ba ne. Abin da ya fi kashe masa jiki shi ne bai san girman aikin da ke gabansa ba, don haka zuciyarsa take nuna masa aikin ya fi ƙarfinsa. Sai gajiya da yunwa su ƙara. Sannan ya zauna yana jiran ranar da zai tashi da sha'awar karatu, alhali ita sha'awar sai an fara aikin take zuwa. Matakan da ke ƙasa duk a kan wannan aka gina su.

Mataki na farko: zauna ka yi lissafin makinka

Kafin ka sake buɗe kowane littafi, ɗauki takarda guda, ka jera kwasa-kwasan da ka yi wa rajista a wannan zangon. Gaban kowanne ka rubuta abu uku: yunit nawa ne (wato nauyin da aka ba kwas ɗin), maki nawa ka samu a CA (wato makin tes da asaimen na cikin zango), wace rana ce jarrabawarsa. In ba a liƙa sakamakon tes ba, ka ƙiyasta, amma ka ƙiyasta ƙasa-ƙasa, kada ka yaudari kanka.

A yawancin jami'o'in Najeriya, CA maki 30 ne ko 40, jarrabawa kuma 70 ko 60. Tsarin maki biyar da aka fi amfani da shi shi ne: 70 zuwa sama A ne, yana da maki 5, 60 zuwa 69 B, maki 4, 50 zuwa 59 C, maki 3, 45 zuwa 49 D, maki 2, 40 zuwa 44 E, maki 1, ƙasa da haka F, babu komai. Wasu jami'o'in sun cire E, ɓangaren likitanci kuma 50 ne makin ci, saboda haka ka duba littafin ƙa'idojin tsangayarku.

Yanzu ga inda lissafin yake kwantar da hankali. A ce ka sami 12 cikin 30 a wani kwas da kake jin tsoro. Tun daga ranar ka sa a ranka ka faɗi. Amma don ka sami C, maki 38 kawai kake nema cikin 70 na jarrabawa, wato kaɗan ya ɗara rabi. A wani kwas ɗin kuma ka sami 24 cikin 30: maki 46 cikin 70 sun kai ka A. Wannan A ce da ke kusa, kuma ɗalibai da yawa kan bar ta ta wuce, saboda sun ɗauka kwas ɗin ya riga ya shiga hannu, sun koma suna kokawa da wani.

Sai batun yunit, wanda 'yan ajin farko ba su cika fahimta da wuri ba. Makin harafin da ka samu a kowane kwas, kamar 5 na A ko 4 na B, ana ninka shi ne da yunit ɗinsa. In kana ɗauke da yunit 18, ka ɗaga kwas mai yunit 3 daga C zuwa B, ka ƙara maki 3, GPA ɗinka, wato matsakaicin makinka na zangon, ya hau da kusan 0.17. In kuwa mai yunit 1 ka ɗaga daga B zuwa A, maki 1 ka ƙara, kusan 0.06. Amma ga shi nan za ka ga ɗalibi ya kwana uku a kan mai yunit 1 don kawai yana jin daɗinsa. Ga wanda CGPA ɗinsa, wato matsakaicin makinsa na duk zangunan da ya yi, ke kan iyaka, misali 3.45 alhali babban mataki na biyu daga 3.50 yake farawa, ko 4.45 alhali matakin farko daga 4.50 ne, wannan ɗan lissafi shi ne bambancin abin da za a rubuta a takardar shaidarsa.

Aikin nan bai fi rabin awa ba. Da ka gama, tsoron da ba shi da siffa ya koma lambobi a takarda, lambobi kuwa ana iya yi musu dabara.

Mataki na biyu: raba kwasa-kwasan, ka yarda ba duka za su sami lokaci ɗaya ba

Kasa su gida uku. Waɗanda ke cikin haɗarin F, musamman kwasa-kwasan dole da duk wani kariyoba, wato kwas ɗin da ka faɗi, da ka ɗauko daga bara. Waɗanda ƙoƙari kaɗan zai ɗaga su zuwa matakin gaba. Da waɗanda ko ka yi da gaske ko ka yi sama-sama sakamakon ba zai canza sosai ba. Na farko su ci lokacinka mafi kyau, wato sa'ar da kanka ya fi buɗewa. Na biyu su biyo. Na uku bita ta ishe su.

Kariyoba fa ba abin wasa ba ne. F yana shiga lissafin CGPA, kwas ɗin zai dawo ya cinye yunit a shekara mai zuwa, lakcarsa ta yi karo da ta ajinka, in kuma a ajin ƙarshe ne sai ya zaunar da kai shekara guda abokanka suna sansanin NYSC. Gara D a hannu da A ɗin da ka yi mafarki a wani kwas.

Jadawalin kuma daga baya ake tsara shi. Fara daga ranar kowace jarrabawa, ka ƙirgo kwanakin da suka rage, ka raba babukan a kansu. Ka bar rana guda a mako babu komai a cikinta. Ba don hutu kaɗai ba: za a ɗauke wuta, za a sa lakcar gaggawa, wani zai zo daga gida. Jadawalin da ba shi da sarari rana ta uku yake rushewa, in ya rushe kuma da shi karsashin yake tafiya.

Mataki na uku: ƙanƙanta aikin har ya zama abin kunya ka ƙi yi

"Yau zan karanta kimiyyar sinadarai" ba aiki ba ne, buri ne. "Bayan la'asar zan warware tambaya biyar daga babi na huɗu" shi ne aiki. Da daddare kafin ka kwanta, rubuta irin waɗannan guda uku na gobe, kowanne da lokacinsa da wurinsa. Salloli biyar sun riga sun yanka maka yini gida-gida, sai ka rataya karatun a jikinsu: bayan asuba, bayan la'asar, bayan isha'i. Wanda ke zuwa coci ko addu'ar safe shi ma ya ɗaura a kan nasa. Abin da aka ɗaura wa tabbataccen lokaci ba ya buƙatar a yi ta shawara da zuciya.

In zaman ya gagara, yi wa kanka alkawarin minti 25 kawai. Wani ɗan Italiya, Francesco Cirillo, shi ya yaɗa wannan dabara da ya ƙirƙira yana ɗalibi a ƙarshen shekarun 1980: minti 25 na aiki, minti 5 na hutu, bayan zagaye huɗu a yi hutu mai ɗan tsawo. Babu wani sirri a cikin lambar 25. Amfaninta shi ne zuciya takan yarda da ƙaramin abu, da an fara kuma sau da yawa ba a son tsayawa.

Waya kuwa, kashe data bai isa ba. Sa ta cikin jaka, ko ka ba abokinka ya riƙe. Na san handaut ɗin yana cikinta, wannan ita ce hujjar kowa. In da hali, buga shafukan da suka fi muhimmanci. In babu, sauke su, ka sa wayar a yanayin jirgi kafin ka zauna. Zauren WhatsApp na aji ka riƙa leƙa shi sau biyu a rana don sanarwa, saura duk jita-jita ce: an ɗage jarrabawa, ba a ɗage ba, malam ya ce babi na bakwai ba zai fito ba.

Kuma kada ka yi karatu a kan gado. Ɗakin hostal mai mutum shida, wani na soya manja, wani na kallon ƙwallo, ba wurin karatu ba ne. Ɗan Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru yana da laburaren Kashim Ibrahim, kowace jami'a kuma tana da nata, ga azuzuwan da babu kowa da yamma. Tafiyar da za ka yi zuwa can ita kanta tana shirya kai.

Mataki na huɗu: rufe littafin ka yi tilawa

A nan ne mafi yawan wahalar banza take. Ɗalibi ya yi awa shida yana bin handaut da ido, yana ja wa layuka jan biro, ya tashi bai san ko ya iya ko bai iya ba. Karatun da ba ka ga sakamakonsa ba dole ya gundure ka.

Wanda ya yi makarantar allo ko Islamiyya ya riga ya san maganin. Ba a cewa yaro ya iya allonsa don ya kalle shi sau ashirin. Sai ya kifa allon ya kawo da ka, malam yana saurare, sannan a ba shi izinin wankewa. Bayan nan ma ba a barin na baya, kullum ana tilawa, don an san hadda tana zubewa. Masu binciken ƙwaƙwalwa a kan wannan hanya suka faɗo. Tun a 1885 Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo, kuma bitar da aka rarraba a kan kwanaki ta fi wadda aka cusa a zama ɗaya. A 2006 kuma Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, a wata jami'a da ke St. Louis a Amurka, suka ba ɗalibai rubutu su karanta. Wasu suka yi ta maimaita karantawa, wasu aka sa su rufe su rubuta abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaita karatu ne a gaba. Da aka gwada bayan mako guda, masu rufewa su tuno sun wuce su. Ka lura da wannan da kyau: maimaita karatu yana sa ka ji kamar ka iya, jin nan kuwa shi ne ke yaudarar mutane har zauren jarrabawa.

Yadda za ka yi: karanta sashe guda, rufe, ɗauki farar takarda ka rubuta duk abin da ka tuna, da zane da ƙa'idojin lissafi. Buɗe ka duba, ka yi wa abin da ka manta alama. Gobe, kafin ka shiga sabon babi, ka fara da waɗannan masu alama. Bayan kwana uku ka sake, sannan bayan mako. Ranar farko za ka ji haushi, don takardar za ta fito kusan fara. Rana ta uku ta cika rabi. Ganin takardar nan tana cika ya fi duk wata nasiha tayar da mutum.

Tambayoyin shekarun baya su ma haka. Nemo na shekara uku zuwa biyar daga 'yan ajin gaba ko shagon hoton takardu. Kada ka karanta su kamar jarida. Sa agogo, ka amsa kamar kana zaure. Za ka gane salon malamin, ka gane batutuwan da ba ya rabuwa da su, ka kuma gane ko hannunka yana da saurin da zai gama tambaya huɗu cikin awa biyu. Amma ka tabbata malamin bara shi ne na bana.

Karatun rukuni yana da amfani in bai wuce mutum uku ko huɗu ba, kuma kowa ya karanto nasa kafin a haɗu, a zo ana yi wa juna tambaya. In ya kai mutum takwas ya zama majalisa. Tutoriyal ɗin da ƙungiyoyin ɗalibai irin su MSSN da na sashe suke shiryawa yana taimakawa ƙwarai a kwasa-kwasan lissafi, sai dai kallon wani yana warware tambaya a allo daban, ka warware da hannunka daban.

Mataki na biyar: barci

TDB, karatun kwana har gari ya waye, ya zama kamar abin alfahari. Je ka ɗakin lakca ƙarfe uku na dare a makon jarrabawa ka gani: rabin mutanen sun kifa kai a kan benci, sauro na cizo, sauran suna kallon shafi ɗaya tun ɗazu. A cikin barci ne ƙwaƙwalwa take daidaita abin da aka koya da rana, baligi kuma yana buƙatar awa bakwai ko fiye. In lokaci ya ƙure, kada dai ka yi ƙasa da awa shida, musamman daren jarrabawa. In saboda wuta ko zafi ne kake karatun dare, to ka rama da ƙailula.

Kofi da goro da lemukan ƙara kuzari duk sinadarin kafeyin mai hana barci ne a cikinsu, kuma bayan kusan awa biyar rabinsa yana nan a jiki. Wanda ya sha ƙarfe goma na dare, ko ya kwanta barcin ba zai yi nauyi ba. Ƙwayoyi irin su tiramadol da wani zai ce maka suna hana gajiya, kada ka ko gwada. Suna kama mutum, kuma suna iya jawo farfaɗiya.

In jarrabawa ta faɗo cikin azumi, kamar yadda take yi wa wasu jami'o'in a 'yan shekarun nan, mayar da karatu mai nauyi bayan sahur zuwa hantsi. Tsakanin azahar da la'asar kai ba ya ɗauka, a bar shi ga barci ko bita mai sauƙi.

Mataki na shida: ciki da aljihu

Ba a cika faɗin wannan a wajen nasiha ba, amma yunwa ta fi lalaci kayar da ɗalibai. Ƙirga kuɗin da suka rage, ka cire na motar komawa gida ka ajiye daban, ka cire na buga takardu, sauran ka raba a kan kwanakin. Haɗa tukunya da abokan ɗaki ya fi arha, ya kuma rage lokacin girki. Garau-garau, ɗanwake, gari da ƙuli, duk suna riƙe ciki fiye da biskit da lemo. Kada ka shiga jarrabawar safe da cikin wofi, ko kunu da ƙosai ne ka samu.

In abin ya ƙure, faɗa a gida tun da wuri, ba sai ranar da tukunya ta bushe ba. Asusun ba ɗalibai rance na NELFUND, wanda ya fara karɓar buƙatu a 2024, yana biyan kuɗin makaranta, yana kuma ba da naira 20,000 a wata na kashewa. Ba zai cece ka a wannan makon ba, kuma bashi ne da za a biya bayan hidimar ƙasa, amma abin dubawa ne kafin sabon zango.

Mataki na bakwai: kula da wanda kake saurare

A kowane aji akwai mai cewa, "Karatun me? Waɗanda suka gama ma ina aikin?" Maganarsa ba ƙarya ce zalla ba. Aiki yana wuya, kuma ɗaliban da yajin aikin ASUU ya zaunar kusan wata tara a 2020 da wata takwas a 2022 suna da dalilin gajiya. Amma wannan muhawara ce ta lokacin hutu. Kuɗin rajista an riga an biya, wata uku an riga an kashe, abin da ya rage mako uku ne. Faɗuwa ba za ta samar da aikin ba, sai dai ta ƙara shekara. Ga wanda shekarunsa suka ja, akwai ma wani lissafin: wanda ya haura 30 lokacin kammalawa ba ya zuwa hidimar ƙasa, takardar yafewa ake ba shi.

Akwai kuma mai zuwa ya ce ya gama handaut sau uku. Bar shi da nasa. Nemi mutum ɗaya mai natsuwa, ku riƙa faɗa wa juna da safe abin da kowa zai yi, da dare ku tambayi juna. Kunyar ka ce ban yi ba tana aiki fiye da yadda ake zato.

Ke kuma da ke zuwa daga gida, ko mai aure da yara, naki ya fi nauyi, don aikin gida bai san jadawalin jarrabawa ba. Zauna da Umma ko maigida tun kafin makon ya zo, ki nuna musu takardar ranakun, ki roƙi a ɗauke miki girkin wasu kwanaki ko a riƙe miki yaro awa biyu. Roƙon da aka yi da ranaku a rubuce ya fi saurin karɓuwa a kan "ina da karatu" na kullum.

In kuwa abin ya wuce gajiya, ka yi mako biyu ko fiye ba ka jin daɗin komai, barci ya lalace, abinci ba ya shiga, ko tunanin cutar da kanka yana zuwa, wannan ba matsalar jadawali ba ce. Ciwon damuwa ne mai yiwuwa, kuma yana da magani. Je asibitin makaranta ko ofishin ba ɗalibai shawara, ka kuma gaya wa wani na kusa da kai a ranar.

Idan an shiga jarrabawa

Da ka fito daga zaure, kada ka tsaya a ƙofa ana tankaɗe da rairayar amsoshi. Wanda ya fi kowa ɗaga murya ba lallai shi ne mai daidai ba, kuma ko shi ne, takardar ta riga ta tafi. Ci abinci, yi barcin awa ɗaya, ka buɗe na gaba. Takarda guda da ta ba ka wuya maki kaɗan za ta ci, amma in ka ɗauki baƙin cikinta ka shiga da shi sauran, sai ta ja uku.

Satar amsa, ko 'yar takarda ko waya ko rubutu a tafin hannu, a yawancin jami'o'i hukuncinta kora ne ko dakatarwa, kuma dokar ƙasa ta 1999 ta mai da ita laifi. F ana gyara shi baɗi, kora ba ta gyaruwa. Ka duba aljihunka da ƙarƙashin bencinka kafin a raba takarda, don abin da aka samu a wurinka naka ne ko ba kai ka ajiye ba.

In rashin lafiya ta kama ka, asibitin makaranta za ka je a rubuta, sannan ka sanar da sashe a rubuce ta hannun malamin da ke kula da ajinku, ba bayan wata guda ba. Takardar asibitin waje sau da yawa sai likitan makaranta ya tabbatar da ita kafin a karɓa.

Daren kowace jarrabawa ka haɗa katin shaida, katin jarrabawa, biro biyu da kalkuleta in ana bari, ka sake duba zaure da lokaci a allon sashe, don akan canza su. A cikin zaure ka rubuta lambarka daidai a kan kowace takardar amsa, har da ƙarin da ka karɓa, ka sa hannu a takardar halarta lokacin shiga da lokacin miƙawa. Bayan an gama, kada ka jefar da katin jarrabawar da fom ɗin rajistar kwasa-kwasai. Ɗauki hotonsu, ka adana na takardar a cikin fayil. In sakamako ya fito aka ce ba a ga makinka a wani kwas ba, su ne hujjar da za ka kai ofishin jami'in jarrabawa na sashe.